Ginin Hanyar Ruwan Sanyaya a Tashar Lantarki Mai Gawayin Ƙasa: Jagora ga Maginan Maraɗi

Tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take aiko mana, maganar Salkadamna ta dawo bakin mutane. A fada, a bakin shago, kowa yana tambayar yaushe za a gina tashar gawayin nan ta jihar Tawa, wadda aka aza harsashinta tun 2014. Samarin da suka yi aiki a hannuna, da waɗanda suka gama Makarantar Fasaha ta Dan Kasawa, su kuma tambayarsu daban ce: idan aikin ya tashi, ina mazauninmu a ciki? Amsata kullum ɗaya ce: ku nemi ɓangaren ruwa. Tukunyar tururi da injin da ke juya wuta daga waje ake kawo su, da masu haɗa su. Amma rami da tiyo da kankare, a nan ake yin su, da hannun ƴan ƙasa. Kuma kusan duk abin da za ka yi a wannan ɓangare binne shi za a yi, ko ruwa ya rufe shi shekara talatin. Abin da ka ɓata yau ba mai sake ganinsa sai ran da tasha ta tsaya.

Ka fara sanin abin da ruwan yake yi

Ana ƙona gawayin ƙasa, a tafasa ruwa, tururi ya juya turbin, wato wata babbar farfela, turbin ya juya injin wuta. Tururin da ya gama aiki dole ya koma ruwa kafin a mayar da shi tukunya, kuma a kwandansa ake yin haka: wani babban akwatin ƙarfe ne mai dubban siraran tiyo, ruwan sanyi yana bi ta cikinsu, tururi yana taɓa bayansu yana zama ruwa. Ruwan biyu ba sa haɗuwa. Namu shi ne na cikin siraran tiyon, yana shiga da sanyi, ya fita da ƙarin zafin digiri 10 ko kusa da haka, ya tafi hasumiya ya huce, ya dawo.

Kada ka raina aikinsa. Cikin zafin da gawayi ke bayarwa, kashi ɗaya cikin uku ne ko ɗan sama da haka ke zama lantarki. Kusan rabi ruwan nan ne ke kwashe shi. Tasha mai megawat 200 tana zagaya da ruwa kusan mita-kub 6 kowace daƙiƙa, shi ya sa babban tiyon ke kai faɗin mita 2, mutum ya shiga ya yi tafiya a tsaye.

Ita hasumiyar, sirrinta na randa ne da salka. Ruwan randa yana sanyi ne saboda wanda ya tsattsafo ta jikinta iska na shanye shi, ya tafi da zafi. Haka hasumiya: ana feso ruwan daga sama, iska ta ratsa shi, kaɗan ya bi iska, sauran ya sauko da sanyi. Wannan kaɗan ɗin ne ba kaɗan ba. Kowane kilowat-awa na cin kusan lita 2, wato tashar megawat 200 za ta sha kusan mita-kub 400 a awa, tano dubu biyu ke nan na lita 200.

Mataki na farko: ina ruwan yake?

Wanda ya girma a bakin Gulbin Maraɗi ya san halin ruwan ƙasarmu: wata uku yana ambaliya, wata tara yara na ƙwallo a cikinsa. Ba mu da teku, kogin Kwara kuma yana can yamma. Saboda haka tashar gawayi a Nijar ruwan ƙarƙashin ƙasa za ta dogara da shi. Tashar gawayi ta Sonichar, da ke Anu Araran kusa da Cirozerin, mai injuna biyu na megawat 18.8 kowanne da suka fara aiki a 1981 da 1982, daga rijiyoyin Rharous ake turo mata ruwa ta tiyo.

Kafin a haƙa ko taki ɗaya, sai an yi foraji na gwaji, a ja ruwa kwana uku ba tsayawa, ana auna yadda yake sauka, ana kuma duba rijiyoyin ƙauyukan kewaye. Wannan na ƙarshen ni ina ɗaukarsa da nauyi ƙwarai. Idan rijiyar makiyaya ta ƙafe saboda tasha, an sayi haske da ƙishirwar wasu. Sannan a kai ruwan labo a san yawan gishiri da farar ƙasar da ke cikinsa.

Sakamakon nan ne zai nuna ko za a yi hasumiya mai ruwa ko sanyaya da iska zalla. Ta biyun tamkar radiyatar babbar mota ce: tururi na bi ta tiyo masu fukafukai, manyan fankoki na hura su. Afirka ta Kudu ta yi haka a tashar Matimba, mai injuna shida na megawat 665, saboda ƙarancin ruwa, kuma ruwan da irinta ke ci bai wuce kashi ɗaya cikin goma na mai hasumiya ba. Aibinta tsada, da kuma raguwar ƙarfi ranar zafi, wato daidai Afirilu da Mayu lokacin da kowa ke neman wuta. Zaɓin na injiniyoyi ne. Ni zan bi da kai ta mai ruwa, don a cikinta aikin magini ya fi yawa, kuma rabin abin da zan faɗa yana aiki a kowacce.

Mataki na biyu: awo da haƙa

Mai awon ƙasa zai kafa turaku, ya ba ka alamar tsayi da ake aune komai daga gare ta. Zuba mata kankare, ka killace ta. Kamiyo ɗaya ya take ta, duk lissafin gangaren tiyo ya rikice.

Ƙasarmu jigawa ce, kuma rairayi ba ya gargaɗi kafin ya rufta. Ramin da ya wuce mita 1.30 zurfi, ko dai a kwantar da bakinsa ko a tokare gefensa da katako ko farantin ƙarfe. Ramin tiyon mita 2 kuwa yana kai mita 4 zuwa 5. Mita-kub ɗaya na rairayi ya fi ton ɗaya da rabi. Wanda ya faɗo wa a ƙirji ba ya iya jan numfashi ko da kansa na waje. Ƙasar da aka haƙo a tara ta aƙalla mita ɗaya daga baki, a sa tsani kusa da inda mutane ke aiki, kuma bayan kowane ruwan sama shugaban aiki ya zagaya kafin kowa ya sauka. Ƙanena, idan aka ce ka shiga ramin da ba a tokare ba, ka ƙi. Kuɗin yini ba ya biyan rai.

Mataki na uku: shimfiɗa tiyo

Iri uku za ka tarar: na ƙarfe mai shafe ciki da waje, na kankare, da na zaren gilashi da ake haɗawa da danƙo, mara nauyi. Kowanne sai an yi masa gado: rairayi mai tsabta ko ƙananan tsakuwa, kaurin santimita 15 zuwa 20, a daddaɓe, a ɗan rarake wurin da bakin tiyo zai zauna domin jikinsa duka ya kwanta. Dutse ɗaya mai tsini a ƙarƙashin na zaren gilashi ya isa ya huda shi bayan shekara biyu. Da majanyin ɗaga kaya ake sauke shi, ba da sarƙa ba.

Tiyo mai haɗin roba, a goge bakin sarai, a shafa man da kamfanin ya aiko da shi. Man mota yana cin roba. A tura shi daidai har layin da aka zana, sannan a zagaya da siririn ƙarfe a tabbatar robar ba ta murɗe ba. Na ƙarfe kuma walda ake yi ciki da waje, a ɗauki hoton haɗin da na'ura, sannan a mayar da shafen da wuta ta ƙone. Masu walda da yawa hannunsu na da kyau, amma suna mantawa da shafen nan, kuma daga nan tsatsa ke farawa. Mai walda a cikin tiyo sai da fanka mai tura masa iska, da mutum tsaye a baki yana kallonsa.

Cikon gefe shi ne wurin da gaggawa ta fi ɓarna. Tiyon zaren gilashi ƙarfinsa daga ƙasar da ke rungume da shi yake samu. A zuba kaurin santimita 20 zuwa 30, a daddaɓe, dama da hagu su riƙa tashi tare, a cusa rairayi da sanda a ƙarƙashin haƙarƙarinsa inda inji ba ya kai. Kowane hawa mai labo ya auna. Galibi kashi 95 cikin ɗari ake nema na matsewar da aka samu a gwaji. Katafila ba ta hawa kai sai ƙasar da ke bisa ta kai mita ɗaya.

Akwai darasin da na koya da tsada. Wata damina, a wani aikin ruwa, mun shimfiɗa tiyo mai tsawo muka toshe bakinsa, muka ce gobe ma cike ramin. Cikin dare hadari ya taso daga gabas. Da safe rami ya cika, tiyon ya taso yana yawo kamar ƙwarya a tafki, haɗi huɗu sun kwance. Mako biyu muka yi muna gyaran abin da awa uku za su hana. Tun daga ranar, abin da na shimfiɗa a yini sai na danne shi kafin magariba.

Duk inda tiyo ya yi kwana ko ya rabu, ana zuba masa matokarin kankare. Ga dalili: tiyon mita 2 da ruwa mai matsin bar 3 (bar shi ne ma'aunin matsi) yana tura murfinsa da ƙarfin kusan ton 95, a kwana mai kaifi ma ya fi haka. Matokarin ya jingina da ƙasar asali wadda ba a taɓa ba, kuma kada kankaren ya rufe haɗin.

Mataki na huɗu: tafkin hasumiya da ɗakin famfo

Nan zan daɗe, don nan ne aikinku.

Kankaren da zai riƙe ruwa ba na dakalin gida ba ne. Siminti kilo 350 zuwa 400 a mita-kub, yashi wankakke mara laka, tsakuwa mai tsabta, ruwa kuma kada ya wuce lita 22 zuwa 25 ga buhu mai kilo 50, har da danshin da ke cikin yashin. Idan labo ta ce ƙasar wurin ko ruwan na da gishirin da ke cin kankare, sai a nemi siminti na musamman. Na san al'adar shantiye: kwaɓi ya yi tauri, wani ya ɗauko bokiti ya ƙara ruwa don ya yi saurin bi. Ruwan nan da ya ƙara zai bushe ya bar ƙananan hanyoyi a jikin bango, ta nan tafki zai riƙa tsiyaya, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren. Idan laushi ake so, akwai maganin da ake ɗigawa a kwaɓi.

Rodi ya samu rufin santimita 5 tsakaninsa da katakon da ke riƙe zubi. A ɗaura masa ƴan guntayen kankare da aka yi don haka, ba tsakuwa ko guntun bulo ba.

Ba a zuba tafkin da ke tara ruwa a ƙarƙashin hasumiya a rana ɗaya, don haka akwai wurin da zubin yau zai haɗu da na jibi. A nan ake sa ɗamarar roba mai tare ruwa, rabinta cikin tsohon zubi, rabi cikin sabo. A ɗaure ta da waya ta tsaya cak, a haɗa bakunanta da wuta, kada a huda ta da ƙusa. Lokacin zubi mutum ɗaya ya tsaya a kanta, ba shi da wani aiki sai ganin ba ta lanƙwashe ba. Kafin sabon zubi a sassaƙe fuskar tsohon har tsakuwa ta fito, a wanke, a jiƙa. Yawancin tafkunan da na ga suna zuba, ta wannan layin ne.

Zafinmu abokin gaba ne. Kwaɓin da ya wuce digiri 32 yana saurin kamawa ya tsattsage. A bazara, a fara zubi bayan la'asar ko cikin dare, a yi wa tsakuwa rumfa ana yayyafa mata ruwa, a rufe tankin ruwan kwaɓi. Hunturu ma ba sauƙi ba ne: iskar busasshiya ce, tana shanye fuskar daɓe kafin ka gama shafe shi. A zuba hawa-hawa, kaurin santimita 30 zuwa 50, kada ya faɗo daga sama da mita ɗaya da rabi, a soka injin girgiza a tsaye har ya taɓa hawan ƙasa, a zare shi sannu.

Daga nan sai shayarwa. Kwana 7 aƙalla kankare na jiƙe dare da rana, an lulluɓe shi da buhunan algarara ko leda. Yayyafin safe da yamma a ranar Maraɗi bai isa ba. A ba yaro ɗaya wannan aikin kaɗai, a kuma biya shi da kyau. Kowane zubi a ɗebi samfuri, a fasa a labo ranar 7 da ranar 28.

Idan tafki ya gama, a cika shi a bar shi mako ɗaya kankare ya sha, sannan a auna saukar ruwan mako ɗaya. Da yake rana ma na shan nata, sai a ajiye babban baho cike da ruwa a gefe, a cire abin da baho ya rasa daga abin da tafki ya rasa. Kada a mayar da ƙasar bayan bango sai an gama wannan, domin ido ya ga inda ke danshi.

A ɗakin famfo, surar ramin da injiniya ya zana a bi ta har santimita. Lanƙwasar bango da tazarar bakin famfo daga daɓe an lissafa su ne don kada ruwa ya yi juyi ya ja iska. Famfon da ke shan iska yana karkarwa har ya ci kansa.

Mataki na biyar: hasumiya

Iri biyu ce: doguwa ta kankare mai siririn ƙugu kamar turmi, wadda ke wuce mita 100 kuma iska ke hawa cikinta da kanta, da gajera mai ɗakuna a jere, kowane da fanka a sama. A ƙasa mai zafi da tasha matsakaiciya, ta biyun aka fi yi.

Idan aka yi doguwar, ka riƙe wannan. Ana zuba ta ne zobe-zobe, dandamalin da ma'aikata ke tsaye yana rataye a jikin zoben da aka zuba kafin nan. Ranar 27 ga Afirilun 1978, a Willow Island ta Amurka, dandamali ya rufto saboda kankaren jiya bai yi ƙarfin ɗaukarsa ba. Mutum 51 suka mutu. Ranar 24 ga Nuwamban 2016, a Fengcheng ta ƙasar Sin, an cire katako kafin kankare ya nuna, mutum 74 suka rasu. Shekara 38 tsakani, ciwo ɗaya. Ba a matsar da dandamali da ƙirgen kwana ko da umarnin mai gaggawa. Sai an fasa samfurin da ya kwana a wurin, cikin yanayi ɗaya da bangon, an ga lambar ƙarfinsa a takarda. Kana da haƙƙin ka ce a nuna maka.

Cikin hasumiya ana jera saƙar roba mai kama da saƙar zuma, wadda ke baza ruwa. A samanta tiyo masu bakunan feshi, sannan wata saƙar mai tare ɗigon da iska ke son ɗauka. A jera su ba giɓi, don iska ta fi son hanya mai sauƙi, ta bar ruwan da zafinsa. Ba a taka saƙar sai an shimfiɗa katako. Busasshiyar robar nan tana cin wuta kamar karan dawa a watan Maris, saboda haka duk walda a gama ta kafin a shigo da ita, taba kuma ko kusa. Fukafukan fanka a daidaita karkatarsu duka ɗaya, da na'urar awo.

Mataki na shida: famfo da makullan ruwa

A ɗora famfo kan gindinsa, a daidaita da nibo, a cika ƙarƙashin farantin da kunun siminti mara motsewa, daga gefe ɗaya har ya ɓullo ɗayan. Sandar famfo da ta motar lantarkin da ke juya shi a daidaita su da agogon awo; kuskuren da ake yarda da shi bai kai kaurin gashin kai ba. Tiyo shi zai zo ya sami famfo. Idan sai an ja shi da sarƙa kafin ƙusoshi su shiga, a yanke a sake.

Manyan makullan ruwa a hankali suke rufewa, da gangan. Ruwa mai gudu idan aka tare shi farat ɗaya yana dukan tiyo kamar guduma. Don haka kada kowa ya taɓa lokacin rufewar da aka saita, kuma a duba ƴan makullan fitar da iska da ke kowane tudun layin.

Mataki na bakwai: gwaji, wanki, tashi

A toshe bakin layi, a tokare, a cika shi sannu daga gangare iska na fita ta sama. A ɗaga matsi kaɗan-kaɗan har ninki ɗaya da rabi na matsin aiki, a riƙe shi tsawon awannin da takardar aiki ta ce, ido na kan agogo. Da ruwa ake gwaji, ba da iska ba, kuma ba mai tsayawa gaban murfi.

Bayan haka mutane su shiga da fitila su bi layin taki-taki. Za ka sha mamakin abin da ake fitarwa: guntun katako, safar hannu, buhun siminti, ledar ruwa. Kowannensu zai iya toshe siraran tiyon kwandansa. A zagaya da ruwa ta hanyar gefe, kwandansa na rufe, har rariyar wucin gadi da aka sa don tare shara ta fito da tsabta.

Sannan maganin ruwa. Ka duba cikin butar shayi, ka ga farin ɓawon da ke kama ta. Hasumiya na shanye ruwa ta bar gishirinsa, idan ya taru ya kama tiyon kwandansa, zafi ya daina ratsawa, a ƙona gawayi da yawa a samu wuta kaɗan. Shi ya sa ake zubar da wani kaso kullum ana ƙara sabo, galibi idan gishirin ya ninka sau huɗu zuwa shida, ana kuma sa maganin hana ɓawo da kulorin mai kashe gansakuka da ƙwayar cutar huhu da ke son ruwa mai ɗumi. Ruwan da aka zubar ya tafi tafki mai shimfiɗar leda, ko a jiƙa toka da shi. Kada a sake shi inda dabbobi ke sha. Ƙurar hunturu kuma hasumiya na wanke ta daga iska ta tara a tafki, don haka a gwada matatar gefe, mai tace wani kaso na ruwan, da kyau tun yanzu.

Famfo ana tada su ɗaya bayan ɗaya. A fara kunna motar ita kaɗai a ga ko tana juyawa ta inda kibiya ta nuna, sannan a haɗa ta, a bar ta awanni ana rubuta zafinta da karkarwarta da wutar da take ja. Kafin ka bar shantiye, ka zauna da mai awo ku zana layin yadda aka binne shi a zahiri, kowane haɗi da matokari da zurfinsa, ku miƙa wa masu tasha. Kai ma ka karɓi takardar shaidar aikin da ka yi, da sa hannu da hatimi, musamman mai walda, don ita za a fara tambayarka a shantiye na gaba.